Ragon biki ya raba gardamar salati

Jama'a, yau rago ya yanke hukunci a gidanmu!

Mun zauna a tsakar gida kan abincin bikin ƙanwata Rakiya. Dangin ango ma'aikatan buro ne, wato na ofis, daga Maradi, namu kuwa manoman Gidan Sori. Tuwo da miyar kuka, an yarda. Shinkafa, an yarda. Fura kuwa ba mai ja.

Sai ga Anti Hadiza, matar yayana, da faranti: salati, tumatir, da farin mayones a kai. Ta ce, "Mutanen birni ba su cin biki sai da wannan. Kar mu ji kunya."

Kawu Illa ya leƙa, ya yamutsa fuska. "Ciyawa ɗanya? Baƙi mutane ne ko awaki? Wallahi ko ragon can ba shi cin ta. In ya ci, ni ma in ci!"

Anti ta juya. Ta kai farantin gaban ragon biki da ke ɗaure. Ya sunsuna. Kai! Ya hau ci har da lashe hanci!

Gida ya kaure da dariya. Inna ta ce, "Yaya, rantsuwa fa ka yi."

Aka zubo wa Kawu sabo. Ya yi bisimilla kamar mai shan magani. Loma ɗaya. Ya tauna. Loma biyu. Sai ga faranti tas!

Ya goge gemu ya ce, "Hadiza, ranar biki a tabarmar dattawa za a aje wannan. Yara bai kamace su ba."