Ranar da Baba Ilu Ya Ce In Faɗa Masa Ƙarshen Fim

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ɗaura igiyar takalmi zan tafi makaranta da safen nan waya ta shigo, wai Baba Ilu direba ya rasu.

Na zauna a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa, na daɗe ban tashi ba.

Duk wanda ke bin hanyar Kazaure zuwa Roni ya san shi. Dattijon nan mai farar mota da ba ya wuce gudun da ya ga dama, ko da kuwa za ku yi ta tsaki har ku isa. Abin da yawancinku ba ku sani ba shi ne, a duk garin nan babu mai son fina-finan sararin samaniya kamarsa.

A motarsa muka saba. Ina koyarwa a Roni, kullum ina gidan gaba, waya a hannu, ina kallon wani dogon fim mai kashi-kashi na mutanen da jirginsu ya ɓace a cikin taurari suna neman hanyar gida. Wata rana da muka sauke fasinja sai ya leƙo ya ce, "Malam, wannan motar tasu da me take tafiya? Ban ga suna shan mai ba."

Shi ke nan fa, Baba ya kamu.

Sunday mai gyaran waya ya loda masa fim ɗin a memori, muka saka Baba a guruf ɗinmu na masu kallo. Ba ya rubutu, sai saƙon murya. Wallahi wani saƙon sai ka gama cin tuwo bai ƙare ba. Kyaftin ɗin jirgin kuwa bai taɓa kiransa kyaftin ba, "direban nan" yake cewa.

Mun taɓa ba shi gem na tuƙa jirgin sararin samaniya ya buga a shagon Sunday. Halittun wata duniya suna ta harbinsa, shi kuwa ya ƙi ramawa, yana ta lallaɓa jirgi yana kauce wa duwatsu. Muka ce Baba harba mana! Ya ce, "Me suka yi mini? Mu ne fa muka shigo musu gari."

Doka ɗaya ya kafa mana: kada wanda ya faɗi abin da ya faru a sabon kashi sai kowa ya kalla. Shi kuma sai Juma'a yake kallo, ranar da yake ajiye mota. Ni kuwa kun san bakina, ba ya riƙe komai. Sau uku yana sa a cire ni daga guruf. Shi ya laƙa mini suna Malam Rediyo, har ɗalibaina suka ɗauka.

Amma duk ranar da aka cire ni, washegari zan tarar ya ajiye mini gidan gaba, da ƙullin gyaɗa a kan kujera. Sai ya ce, "Ci, ko bakin ya samu wani aikin."

Shekara huɗu muna musu ɗaya da shi. Ni na ce mutanen nan ba za su koma gida ba. Shi ya ce za su koma, har da direbansu, ya yarda da tuƙin mutumin.

Ana saura kashi uku fim ya ƙare ciwon suga ya kwantar da shi, idonsa ya daina ganin waya sosai. Mu duk mun kalli ƙarshen. Sati biyar guruf ya yi tsit, muna jiransa. Ni ma, ni Rediyo, ban ce uffan ba. Allah ne shaidata, na sha wuya.

Talatar da ta wuce bayan la'asar na je duba shi. Yana kishingiɗe a zaure, ya rame, amma bakin nan yana nan. Muka gaisa, sai ya ce, "Malam Rediyo, kunna."

Na ce, "Baba, me zan kunna?"

Ya ce, "Faɗa mini yadda aka ƙare."

Na ce, "Haba Baba, dokarka ce fa. Bari ka warke ka gani da idonka."

Ya ce, "Ni na kafa ta, ni na ɗage. Faɗi."

Ga shi kuwa ƙarshen ba yadda yake so ba ne. Na yi niyyar in ce masa kowa ya isa gida lafiya, wa zai tona ni? Amma mutumin da bai taɓa ce wa fasinja "yanzu za mu tashi" alhali mota ba ta cika ba, ban iya yi masa ƙarya ba.

Na ce, "Baba, mutanen sun isa gida, dukkansu. Amma direban bai isa ba. Shi ya tsaya a baya ya riƙe musu hanya har suka wuce."

Ina rufe baki na fara da-na-sani.

Can sai ya ce, "Babu wanda ya bari a hanya?"

Na ce, "Ko ɗaya."

Sai ya yi dariya har da tari. Ya ce, "To ai ya kai fasinja. Me kuma ake nema wajen direba? Na ci musu, Malam, je ka gaya wa 'yan guruf."

Na so in ce rabi ya ci. Na bar masa.

Sai yau na gane abin da ya sa ya ɗage dokar. Ina kewarsa ƙwarai, amma wallahi zuciyata a sanyaye take. Ya ji ƙarshen, ya ji gaskiya, kuma ya ji daɗinsa. Karo ɗaya a rayuwata surutuna ya yi amfani.

'Yan guruf, ga saƙonsa na isar: Baba ya ce shi ya ci.

Allah Ya gafarta wa Baba Ilu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalansa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko sau ɗaya ka taɓa shiga motarsa ko ba ka taɓa ba, ka sa shi a addu'a.

Ya sha kai mu gida lafiya. Ya Allah, Ka sauke shi a gidan Aljanna. Amin.