Baƙi Uku a Gindin Gawo

A gidanmu na Dogo-Dogo, lokacin sanyi, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhun kakata, Iya Habsu, tana gasa mana gyaɗa cikin toka. Tatsuniyar gizo ta fi yawa. Amma akwai labari guda da in za ta ba mu, sai ta gyara zama tukuna, ta ce, "Wannan da idona na gani."

Zamanin babban yaƙin Turawa ne, tana amarya, ana tsakar girbin gero. Jiragen yaƙi masu ɗaukar bam sukan ratsa ta saman garinmu su yi gabas. Ran nan da hantsi ɗaya ya taho ƙasa-ƙasa, hayaƙi na tashi daga fiffikensa, ya nufo rumbunan gari.

"Har mun sadaƙar," in ji ta. "Sai muka ga ya karkata, ya bar gari, ya je ya faɗi a gonar surukina. Matuƙin nan ya gan mu, jikokina. Da gangan ya kauce."

Mutum uku ne a ciki. Biyu sun cika nan take. Na ukun saurayi ne, ko gemu bai tsayar ba. Maza suka jawo shi inuwar gawo, Iya ta riƙa ɗiga masa ruwa da ludayi. Ya ciro hoton wata dattijuwa daga aljihu, yana nuna mata yana magana, ita kuwa ko kalma ɗaya ba ta ji ba. Kafin azahar ya rasu.

Sai gardama ta tashi. Wasu suka ce kada a taɓa gawarwakin, kwamandan Magariya, Baturen da ke mulkin yankin, zai ɗora wa gari laifi. Surukinta ya ce, "Kafin saƙo ya kai wurin kwamanda an kwana biyu, kuraye kuwa yau za su zo. 'Ya'yan wasu ne." Aka haƙa kabari uku, aka lulluɓe su da ƙaya. Iya ta adana hoton har sojoji suka iso, ta miƙa musu.

Na taɓa ce mata, "Iya, ai ba musulmi ba ne."

Ta dube ni, ta ce, "Ƙishirwarsa irin tamu ce."

Bayan rasuwarta da shekaru masu yawa, ƙanena Sani ya tafi Libiya neman aiki, motarsu ta lalace cikin hamada. Wani mutum da ban sani ba ya kira ni a waya. Ya ce shi ya ba Sani ruwa, a hannunsa ya cika, shi ya rufe shi. Sai da ya kashe wayar na lura ko sunansa ban tambaya ba.

Da maganar mutumin nan kaɗai muka rarrashi mahaifiyarmu. Tun daga ranar nake tunanin dattijuwar cikin hoton. Ko akwai wanda ya taɓa gaya mata cewa ɗanta bai mutu shi kaɗai ba?