Ɗan Kongolam Bai Tashi Ba

Maharazu malamin Hausa ne a wata firamare da ke bayan garin Daura. Mutum ne marar hayaniya, wanda in ka gan shi yana taya tumatir a kasuwa ba za ka ce ya taɓa riƙe biro don wani abu ban da duba aikin yara ba. Ni kuwa tare muka yi kwaleji, na san abin da ya daɗe yana cin sa a rai: so yake, ko sau ɗaya ne, a kira sunansa a kan waƙoƙin da ya rubuta.

A Kongolam aka haife shi, mahaifinsa dillalin awaki ne. Ya shigo kwaleji a shekarar da aka kafa mujallar ɗalibai, Gindin Darbejiya. Da farko rubutun hannu ne ake mannawa a allon sanarwa, ruwan sama ya wanke rabi, awakin maƙwabta su cinye saura. Daga baya aka koma shagon Uzoma mai fotokwafi, ana ɗinke shafukan da zare. Akwai waƙa, akwai gajeren labari, akwai zane-zanen da sai ka karanta bayanin ƙasa kafin ka gane raƙumi ne ko jaki.

Ƙa'idar mujallar ita ce ba a sa suna. Ba wanda ke son labari ya kai gida cewa an tura shi karatu ya ɓige da waƙa kamar maroƙi. Kowa garinsu yake sawa: 'Yar Mashi, Ɗan Zango, Ɗan Sandamu. Maharazu shi ne Ɗan Kongolam, kuma waƙoƙinsa duk a kan yarinya ɗaya suke, mai wushirya da dogon wuya. Hadijatu ce, 'yar ajinmu, 'yar Malam Sada, malamin da ke duba duk abin da za a buga. Malam kan gyara masa ƙafiya da jan biro, ya rubuta "madalla" a gefe, bai san tasa ake siffantawa ba.

Da muka gama, Maharazu ya nemi aurenta aka ba shi. Daga ranar Malam ya zama suruki, shi kuwa Maharazu a wannan fanni mutumin da ne. Ba ya kiran sunansa, ba ya cin abinci a gabansa, tun daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa. Waƙa kuma ya ajiye ta, hidimar gida ta ɗauke shi.

Mujallar ta sha mutuwa tana farfaɗowa, yanzu ma a waya ake tura ta. Amma waƙoƙin Ɗan Kongolam ba su mutu ba, har yau samarin kwalejin suna kwafe su su tura wa 'yan mata kamar su suka yi. Bara da mujallar ta cika shekara ashirin, ɗalibai suka shirya taro. Suka ce za a bayyana masu tsofaffin sunayen nan, a yi fitowa ta musamman da sunan kowa na gaskiya. Maharazu ya ɗinka sabuwar shadda, ya zo har gida ya nuna mini. Na yi masa murna ƙwarai, na kuma tsokane shi cewa ango ma bai kai shi rawar kai ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne wanda zai zama uban taro. Muna shiga zauren muka tarar da Malam Sada a kan babban tebur, an ɗauko shi daga ritaya. Wata ɗaliba ta karanta waƙar da aka fi so, wadda ta fara daga ido ta gangara har tafiya. Aka yi tafi, sannan mai gabatarwa ya roƙi Ɗan Kongolam ya miƙe.

Maharazu ya dafa gwiwa, ya ɗan ɗago daga kujera. Malam ya gyara tabarau yana duba zauren. Sai na ga mutumina ya koma ya zauna, ya sunkuya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Na zungure shi.

"A gaban Malam zan tsaya in ce ni na ƙare wa 'yarsa kallo haka?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Aka sake kira. A layin baya akwai Ya'u, shi ma ɗan Kongolam, wanda a zamaninmu aikinsa raba mujallar a ɗakunan kwana, yanzu kuma yake fiton kaya a kan iyaka. Ya waiga hagu da dama, ya ga ba kowa, ya miƙe. Ban ce da mugunta ya yi ba, Ya'u dai bai taɓa iya barin tafi ya tafi a banza ba. Da Ya'u ya iso babban tebur, Malam ya riƙe hannunsa ya daɗe, ya ce dama tun can yana zargin shi ne.

Abin ya ba ni haushi, na ce bari in gaya wa ɗaliban kafin su buga. Maharazu ya hana, domin Malam ne zai rubuta gabatarwa, duk gyaran da aka yi sai ya bi ta hannunsa. Hadijatu ta yi kwana da kwanaki tana fushi, amma ita ma ba ta da bakin faɗa wa mahaifinta. Fitowar ta zo da sunan Ya'u a ƙarƙashin kowace waƙa, da hotonsa yana murmushi.

Lambar yabon da aka shirya wa Ɗan Kongolam ba ta samu ba ranar taro, sai daga baya aka kai ta gidan Malam cikin gilashi. Malam ya aika aka kira surukinsa, ya ce tunda ɗan garinsu ne, ya taimaka ya miƙa wa wannan bawan Allah mai basira. Maharazu ya karɓa da hannu biyu a durƙushe. Ya naɗe ta da zani don kada gilashin ya fashe, ya ɗaure a bayan babur, ya kai wa Ya'u har gida.