Takardun Baba da Ruwa Ya Ci

Mahaifinmu ya bar mana wata tsohuwar waƙar wa'azi da ajami, waraƙa ashirin da 'yan kai a cikin gafaka. Kakansa ne ya zo da ita daga ƙasar Hausa. Da yake ni ne babba, ni aka damƙa wa. A shekarun da gari ya rikice na kulle shagona na Titin Koudoukou wata da watanni, gafakar tana ciki. Ran da na buɗe na tarar rufi ya yi yoyo, takardun sun dunƙule, tawadar ta wanke.

Ban gaya wa Inna ba. Ita ba ta karatu, amma ta haddace rabin waƙar daga bakin Baba, tana rerawa in tana tsintar shinkafa. Kullum wuri ɗaya take cijewa, sai ta ce, "Ka ɗauko takardun nan ka tuna mini abin da ya biyo." Ni kuwa in ce suna nan a ajiye, sai na sami sarari. Shekara nawa ina wannan ƙarya, ina jin kunyar kaina.

Bara maƙwabcin shagona, wani Alhaji mai sayar da atamfa, ya dawo daga Kano ya miƙo mini littafi.

"Na san ka da son tsofaffin abubuwa," ya ce. "Sabo ne, yanzu ya fito."

Wani malamin jami'a ne ya bi diddigin mawaƙan zamanin da, ya kawo tarihin kowa da waƙoƙinsa, ajami a shafi ɗaya, boko a ɗayan. Bayan an sauko daga Juma'a na zauna ina dubawa. Can wajen tsakiya na ci karo da baitin da Inna take farawa da shi. Na bi layi-layi da yatsa har inda take cijewa, na wuce. Waƙar tana nan cif, har ƙarshe. Na rufe shago na tare moto, babur ɗin haya.

Na sami Inna a tsakar gida. Na durƙusa na faɗa mata komai, da yoyon rufin, da ƙaryar.

"Ai na sani," ta ce. "Tun ranar da ka shigo ka kasa cin tuwo. Na bar ka ne ka faɗa da bakinka. To, karanta."

Na soma. Ban yi baiti uku ba ta dakatar da ni.

"Kai, wannan ai karatun jarida ne. Ba haka ake ja ba."

Sai muka raba aiki: ni in karanta baiti, ita ta ɗora masa murya. Da muka shiga rabin da ya ɓace mata, wasu baitocin kafin in kai ƙarshe ta riga ni.

Daga baya na karanta mata tarihin mawaƙin. Mun taso muna jin babban shehi ne. Ashe marini ne, yana karantar da yara da safe, ya wuce karofi da hantsi. Inna ta yi dariya har da hawaye, don ita ma 'yar marina ce.

Washegari ta dafa dambu, ta ce in kai wa Alhaji da zafinsa.