Kwanson Harsashin Shitu

Allah ya jiƙan aminina Shitu, mai sayar da yadi, wanda ba ya son komai kamar farautar zabi. Tsadar harsashi ce kaɗai ke ɓata masa rai. Ya rantse ba zai ƙara sayen na kanti ba, zai riƙa ɗura nasa da kansa.

A 1998 muka je Guangzhou ta ƙasar Sin sarin kaya, ya tafi da kwanson harsashi ɗaya da ya riga ya harba, a matsayin samfur. Na ce, "Malam, ƙasar nan fa ko bindigar tsuntsu ba a bari."

Ya ce, "Kai dai matsoraci ne. Kwanso kawai nake nema, albarushi yana gida."

Duk shagon da muka shiga a unguwar Sanyuanli sai a ce "meyo", babu. Daga ƙarshe wani mai yin kayan roba ya jujjuya samfurin, ya ce zai iya. Mun manta cewa mutanen nan abin da ka nuna musu shi za su yi maka, ba ƙari ba ragi. Katan biyu aka kawo, kowane kwanso a lotse kamar nasa, har da tsagewar bakin. Ko ɗaya ba ya ɗuruwa.

Haka ya kwaso su zuwa Kano. Yara suka gano suna busuwa kamar usur, suka saye su tas. Da kuɗin ya je kanti ya sayo harsashi yana ƙunƙuni, kuma da na kantin ya yi ta harbi har ya rasu. Wallahi ina kewar ƙunƙunin nan.