Dutsen da Ya Kama Rawa

Tsakar gidanmu na Zango da duwatsu aka shimfiɗe ta, jajayen nan masu faɗi da kakana ya sa aka ɗauko a kan jakai. Babu biyu masu kama da juna. A kansu na koyi tafiya, a kansu kuma kakata, Iya Dije, take yi mana tatsuniya bayan an ci tuwo. Ba ta barin wutar murhu ta mutu. Sai ta tura gyaɗa cikin toka, ta miƙe ƙafafu, mu jikoki mu kewaye ta. Wanda ya yi gyangyaɗi ba ya samun ko ƙwaya. Ni kuwa ban taɓa rasa rabona ba.

Kusa da randa akwai wani dutse da yake motsi in an taka shi. Rannan ƙanena Ali ya taka, ya kife da kwanon miya, ya tashi yana zagin dutsen. Iya ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Kai mai kan tulu, me dutse ya yi maka? Zauna. Ga wata tatsuniya nan ta iso bakin ƙofa, ku ba ta wuri."

"Ta shigo mu ji," muka ce.

Wai a wani gari akwai dutse a bakin rijiya, wanda mata suke tsayawa a kansa su ja guga. Shekara da shekaru bai motsa ba. Sai kawai ya kama rawa, wata ta taka, tulunta ya fashe. Mutanen gari suka ce ya tsufa, suka ciccibe shi suka yar a bayan gari, suka kawo sabo. Damina guda, shi ma ya kama rawa. Suka yar, suka kawo wani. Har kwaɗon da yake kwana a ƙarƙashi ya gaji da yaye masa rufi. Nan Iya take kumbura kumatu ta yi muryar kwaɗo.

"Ku mutane, kullum bayan dutse kuke kallo, babu mai leƙa ƙarƙashinsa. Ruwan da kuke zubarwa ne yake sace masa ƙasa kaɗan-kaɗan. Ni ina kwance ina gani."

Sai suka cike ramin, suka daɓe, suka yi wa ruwa hanya, suka tafi bayan gari suka ba tsohon dutse haƙuri. Ya koma wurinsa, bai sake motsi ba. "Ta tashi ta tafi," in ji Iya, "kowa ya miƙo hannu." Washegari ta sa muka ɗaga na kusa da randa, muka zuba tsakuwa, ta bi da madaɓi tana waƙa.

Shekaru suka tafi, gidan ya zama nawa. Daminar da ta biyo bayan gobarar babbar kasuwarmu ta Rood Woko, na fito da buta, dutsen nan dai ya juya da ni, na bugu a gwiwa. Ɗana Habibu, mai tuƙa babbar mota, ya iso daga unguwarsu ta Wemtenga ransa a ɓace.

"Inna, zaman nan ya isa haka. Ɗaki yana can yana jiranki, ga famfo a ƙofa. Ran Juma'a zan kawo mota."

"Wa ka ga ya ɗaure kaya?"

"Yau gwiwa ce, gobe ƙugu. Ki dubi tsakar gidan nan, ko'ina ya dare, ciyawa tana fitowa."

Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Amma maƙwabtan da muka tsufa tare suna nan, masallacin da nake jin kiransa daga kan gado yana nan. Na ce ya zo ran Juma'ar, ya tattaka duwatsun da kansa. In ko ɗaya ya motsa, ni zan riga shi shiga mota.

Na aika aka kira Rasmane, maginin unguwarmu, Bamoshe mai haƙuri. Ya zagaya ya ce, "Yaaba, in shafe saman da siminti, ko in tona?" Yaaba yake ce mini, wato kaka a bakinsu.

"Kwalliya na ce ka yi mata? Tona."

Ya yi dariya, ya ce shi ma abin da yake so ya ji ke nan. Ya ƙwaƙule tsohon simintin da ya ruɓe a tsakanin duwatsu, ya ɗaga masu rawar ɗaya bayan ɗaya. Ƙarƙashin na kusa da randa rami ne da hannu zai shige har gwiwa, aikin ruwan alwalarmu. Sai ga kwaɗo ya yi tsalle ya fito.

"Sannu, malam," na ce masa. "Saƙonka ya iso tun ina yarinya."

Rasmane ya zuba tsakuwa ya kirɓe, ya shimfiɗa kwaɓin yashi da siminti, ni kuma ina kan kujera ina nuna masa mazaunin kowane dutse, don na san fuskokinsu kamar na 'ya'yana. Ya karkata su kaɗan wajen rariya yadda ruwa zai wuce, ya cusa sabon kwaɓi a tsakaninsu da bakin cokalinsa na gini har ya cika dam. Muka rufe da jiƙaƙƙun buhuna, na hana kowa takawa, har kaji.

Ran Juma'a Habibu ya zo da motar. Ƙato ne, ƙofa da kyar take ɗaukarsa. Ya bi duwatsun yana dukansu da diddige, da ya kai na randa har tsalle ya yi. Dutsen ko motsi bai yi ba. Ya tsaya ya kalle ni, sannan ya cire takalmi ya zauna a kai.

"Inna, akwai sauran tuwo?"

Ina yarinya na ɗauka labarin kwaɗo ne mai wayo. Sai da na ga mota a ƙofar gida, an zo ɗaukata, na gane labarin wa Iya take ba mu. Gwiwar har yau tana yi mini ciwo in hadari ya taso. Amma ina nan inda aka dasa ni, jikoki kuma suna zuwa daga Wemtenga su same ni, gyaɗarsu tana cikin toka.