Yadda Aka Raba Safara'u da Gidan Rainonta

An kori Safara'u Ilu daga gidan rainon da ta kafa da hannunta, a filin da ta gada wurin mahaifinta Malam Ilu, a nan Maigatari. Waɗanda suka kore ta kuwa su ne mutanen da ta bi har gida ta durƙusa ta roƙe su su zama iyayen abin.

Duk wanda ya taɓa leƙa sito-siton zoɓo na hanyar iyaka ya san yadda mata ke wuni a ciki. Suna zaune a kan buhu da faifai a cinya, suna tsince tsakuwa da kara, jar ƙura na tashi har mutum ya tofar da yawu ya gan shi ja. Safara'u ta yi shekaru tana wannan aikin bayan rasuwar mijinta. Ƙurar ba ta dame ta ba kamar tarin jariran da ke goye a bayan iyayensu. Wata safiya ta ajiye faifai ta ce wa ta kusa da ita, "Ke, kwanto min shi nan, wannan tarin ya hana ni sakat." Ta tafi da yaron gida. Washegari wasu ma suka miƙo nasu.

Haka abin ya fara, da rumfar kara da tabarmi. Ba ta taɓa yanka wa kowa farashi ba. Mai tiyar gero ta kawo, mai sabulu ta kawo, wadda ba ta da komai ta zo ranar Juma'a ta wanke zannuwa. Safara'u ta dama kunu, ta goya wannan, ta rungumi wancan, har bayanta ya ranƙwafa tun shekarunta ba su kai ba.

Da yara suka yi yawa, damina kuma ta yaye rumfar, sai aka ce mata ba mai taimakon wurin da ba shi da rajista. Ƙanenta Muntaka, wanda ke ɗinki a Gumel, ya hau mota ya zo takanas.

"Yaya, ki yi rajistar sana'a da sunanki. Mai hali ta biya, marar hali ki ɗauke mata, ki samu abin sallamar matan da ke taya ki. Wuri naki, ba mai ce miki tak."

"Sana'a? In jera jariran mutane a faranti kamar ƙosai?"

"Ƙosan ma ai ana sadaka da shi, kuma mai suyar ba ta kwana da yunwa."

"Kai dai Muntaka, tun kana yaro ko ruwa ka ba mutum sai ka tsaya jiran tukuici."

Alhaji Ubale, babban dillalin zoɓon da yawancin matan ke yi wa aiki, shawararsa daban ce. Ya ce ƙungiya za a yi, ta taimakon jama'a, domin masu ba da tallafi ba sa kallon ɗan kasuwa. Wannan ita ta kwanta wa Safara'u a rai, kuma ni ban ga laifin zaɓin ba. Inda aka yi ɓarnar shi ne wajen amintattu, wato mutanen da za su riƙe ƙungiyar, su yanke duk wani hukunci. Ta sa Alhaji Ubale, ta sa Malam Yahuza da ke koyar da matan unguwa karatu, ta ƙara da wasu dattawa. Kanta kuwa ta ƙi. Tana jin kunyar a jera ta da manyan maza, tana kuma tsoron kada riya ta cinye mata lada.

Muntaka ya ce, "Ko a can ƙarshe a maƙala ki mana."

Ta ce, "Allah ya san wadda ke wanke kashin. Ya ishe ni."

Tallafi ya zo. Aka ce za a yi ɗakuna na bulo da famfo mai sola, aka tambaye ta batun fili. A gaban jama'a ta ce, "Ku gina, ai na Allah ne." Ranar buɗewa baƙi suka cika wurin, aka yi ta ɗaukar hoto. Ita tana bayan ɗaki tana jijjiga wani mai zazzaɓin haƙori, ba wanda ya ce a kira ta.

Tallafi ba ya dawwama, wannan kowa ya sani. Da ya yanke, amintattu suka zauna a falon Alhaji ba tare da ita ba. Suka ce don wurin ya tsaya da ƙafarsa za a mayar da shi makarantar nazare ta kuɗi, da yunifom da benci, surukin Alhaji shi ne shugaba. Jariri dai ba ya zaman benci, uwar da ke tsintar zoɓo kuma ba ta da halin yunifom.

Safara'u ta same su a ƙofar gidan.

"Allah gafarta Malam, 'ya'yan masu tsinta fa?"

Malam Yahuza ya duƙar da kai yana jan carbi. "Haƙuri za ki yi, Safara'u. Abin da ba ya shigo da komai ba ya ɗorewa."

"Da kunu da tabarma ya ɗore kafin ku zo."

Alhaji Ubale ya gyara babbar riga. "Hajiya, da wane matsayi kike magana? Ke ai ba kya cikin amintattu. Amma saboda mutunci, in kina so a bar miki shara."

Ta dube shi ta ce, "Alhaji, tun kana auna zoɓo da kwano nake share wurin nan, ba sai ka ba ni izini ba." Kashegari mai gadi ya tare ta a ƙofar gidan rainon, yana ba ta haƙuri, ya kasa haɗa ido da ita.

Yanzu tana ɗan zauren gidan 'yarta da jarirai ƙalilan, iyakar waɗanda tabarma ɗaya za ta ɗauka. Sauran sun koma sito a bayan iyayensu. Da na je gaishe ta na tarar da Ni'imatu, wata mai tsinta da ke tsallako iyaka kullum, ta zo roƙon a karɓi nata. Ta ce, "Inna, can sun ce lakwal ce, makarantar 'ya'yan masu shi, ke kuma kin ce ba wuri. In kai shi ina?" Safara'u ta matsa, ta karɓi yaron ta ɗora a cinya, ta jingina da bango ta rufe ido. Na ce mu kai ƙara. Ta ce, "Ƙawata, na gaji. Ƙafafun nan ba za su iya zaryar kotun Gumel ba."

To ita ta gaji, shi ya sa nake magana. Alhaji Ubale, Malam Yahuza, da sauran da ke riƙe da wurin: ku fito ku faɗa wa mutanen Maigatari abin da kuke yi a filin Malam Ilu. In ƙungiyar taimako ce, ku karɓi jariran masu tsinta, ku mayar da Safara'u, ku sa ta cikin amintattu ko tana so ko tana jin kunya. In kuwa kasuwanci ne, ba laifi ba ne, amma ba don shi ta ba da filin ba. Ku kwashe bencinku ku nemi haya kamar kowane ɗan kasuwa.